Daga alƙalamin gamba zuwa kwamfuta: hannun rubutun ƙasar Manga na neman magaji

Matafiyin da ya bi titin Nguru zuwa Gashuwa, ya yada zango a Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, zai ci karo da rubutu iri biyu. Na farko shi ne mai tare ido: allunan shaguna, fastocin 'yan takara, da manyan kyallayen talla da injin ya buga da launuka masu ƙyalli. Na biyu kuwa sai an sunkuya an shiga zaure ake ganinsa, a kan allo ko a kan takarda, baƙi wuluk, mai kauri, kowane harafi zaune daram kamar an dasa shi. Na farkon ne ya ci kasuwa. Amma na biyun ne ke da ƙa'ida.

Wannan yanki na arewacin Yobe tsohuwar ƙasar Borno ce, kuma Borno ta daɗe da shahara da rubuta Alƙur'ani da ka. Alaramman da ya zauna rubuta izu sittin yana yin aikin da a gidan ɗab'i ake raba wa mutum huɗu ko biyar. Shi ke fiƙe alƙalaminsa na gamba ko na kara, ya daidaita faɗin bakinsa, domin faɗin nan ne ke yanke kaurin harafi. Shi ke haɗa tawada, ya sa mata ƙaro don ta kama takarda, ƙaron da dazukan Yobe ke bayarwa har a fitar da shi waje. Shi ke auna yawan layuka a shafi da faɗin gefen da za a bari fari.

Launi ma ba ado ba ne kawai. Baƙi na jikin kalma ne, ja na wasali, ɗigon rawaya na hamza, kore kuma na alifin da ake tsallakewa wajen sadar da karatu. Bisa ruwayar Warshu da tsarin rubutun Magrib, fa'un tana ɗaukar ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Akwai alamar aya, akwai kumsa a kan aya ta biyar, akwai kuri a kan ta goma, sannan zayyana mai girma inda aka raba littafin rubu'i-rubu'i. Tun da ba a ɗinke takardun, sai dai a haɗa su cikin tadarishi a sa a gafaka, marubuci kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowace mazauninta. Ɗalibin zane da ya biya kuɗi ya koyi yadda ake jagorantar idon mai karatu, da zai zauna yini guda a gaban irin wannan shafi, da ya rage wa kansa wahala.

Abin sha'awa shi ne injin bai kashe wannan hannu ba da ya fara zuwa. Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, ya ɗaure garin da Kano, takarda da littattafai suka riƙa kai da komo. Daga baya madaba'un Kano suka gano cewa almajiri ba ya sakin jiki da haruffan ƙarfe na ƙasashen Larabawa, sirara masu kama da juna. Sai suka koma ɗaukar hoton shafin da gwani ya rubuta da hannu, su buga shi dubbai. Ta wannan hanya Alƙur'anin Sharif Bala na Kano ya shiga tsangayu da yawa, haka ma littattafan malamai irin su Shehu Muhammadu Gibrima na Nguru, wanda ya rasu a 1975. Injin ya zama bawan alƙalami, ba ubangidansa ba.

Yau lamarin ya juya. Matashin da ke haɗa fasta a kwamfuta yana zaɓa ne daga haruffan da ya tarar a ciki, waɗanda aka zana don Turanci ko don Larabcin Gabas. Ko bokon Hausa bai tsira ba. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tun shekarun 1930 aka tsayar da su a Zariya zamanin Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta saba wa jama'a da su. Amma duba kyallen tallar da ke rataye a kowace tasha: an rubuta baki inda ake nufin baƙi, an rubuta kafa inda ake nufin ƙafa. Wani lokaci mai bugawa ya yi ƙoƙari ya sa ƙ ɗin, sai ta fito ramammiya a tsakiyar ƙattin haruffa, domin nau'in harafin da ya zaɓa ba shi da ita, kwamfuta ta aro masa daga wani gida. Mu da ke gyaran labarai a tebur mun san wannan ciwo; rabin aikin dare mayar wa haruffa ƙugiyarsu ne.

Alhali magani na nan, kuma kyauta. Nau'o'in haruffa irin su Noto da Charis da Andika suna ɗauke da ƙugiyoyin Hausa cif. A ɓangaren ajami, ƙungiyar SIL ta fitar da Alkalami a 2017, wanda aka zana bisa kaurin rubutun Kano. Ta kuma fitar da wani mai suna Ruwudu, kalmar da ke nufin rubutu a harshen Manga, bisa hannun Mangawan Jamhuriyar Nijar, 'yan'uwan waɗanda ke zaune a Karasuwa da Nguru. Ke nan sunan da kakannin yaron Jajimaji ke kiran rubutu da shi yana cikin rumbun haruffan Google, yaron kuwa yana buga katin walimar saukar ƙaninsa da haruffan da aka zana a wata nahiya.

Sai dai kada a ɗora wa kwamfuta abin da ba za ta iya ba. Ruwudu da Alkalami sun kwaikwayi surar harafi, ba su kwaikwayi yadda gwani ke miƙe wata kalma ya tsuke wata don layi ya cika daidai ba, balle zayyanar allon sauka, wadda kowane mai zane ke da tasa. Waɗannan a zaure ake koyonsu, gwiwa da gwiwa, kuma shekaru suke ci. Tsakanin zauren alaramma da shagon mai buga fasta a Jajimaji tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Sau da yawa ma mai shagon tsohon almajirin zauren ne, wanda ya iya fiƙe alƙalami tun kafin ya taɓa ganin kwamfuta.