Yadda Kwamfuta ke Ajiye Kwanan Wata da Yadda Take Nuna Shi

Kwanan watan da ake gani a allon kwamfuta ba lalle ba ne ya zama haka yake ajiye a cikin rumbun bayanai. Yawancin manhajoji lissafi suke yi daga wata rana da aka tsayar. Excel na ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1900, tsarin Unix kuma yana ƙirga daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairu 1970. Ranar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, 1 ga Oktoba 1996, a wajen Excel lamba ce kawai: 35339.

Sai an zo nunawa ne manhaja ke yi wa lambar tufafi gwargwadon ƙasar mai dubawa. A Najeriya rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara: 01/10/1996. A Amurka wata ne ke gaba, don haka Ba'amurke zai karanta wannan rubutu a matsayin 10 ga Janairu. Ana iya juya ranar zuwa Hijiriyya, ta faɗa cikin Jimada Ula na 1417, sai dai lissafin na'ura kan saɓa da kwana ɗaya da ganin watan da Sarkin Musulmi ke sanarwa.

Matsalar takan taso ne wajen shigarwa. Ɗalibi daga Zurmi ko Shinkafi mai neman gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda yakan je shagon kwamfuta a cike masa fom. Idan an saita na'urar kan tsarin Amurka, aka buga 05/03/2006, sai 5 ga Maris ta koma 3 ga Mayu ba tare da wani gargaɗi ba. Kuskuren yakan ɓuya a ranakun 1 zuwa 12, domin kowace cikinsu na iya zama lambar wata. Tun 2021 hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ke neman lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN), kuma idan ranar haihuwa ta saɓa tsakanin NIN da lambar banki ta BVN da takardun makaranta, gyaran sai da kuɗi da zirga-zirga.

Maganin da ƙa'idar ISO 8601 ta kawo a 1988 shi ne a jera shekara, wata, rana: 1996-10-01. Masu gina rumbun bayanai su ajiye rana a gurbin kwanan wata, kada su ajiye ta kamar rubutu zalla. A takardar da za a miƙa wa mutum kuwa, a rubuta sunan watan da haruffa, mai fom ya karanta da idonsa kafin a tura.