Askar gado: ina gaskiya, ina ji-ta-ji-ta?

A gidajen wanzamai na Zangon Hausawa da Sabonjida a Tamale, ba wuya ka tarar da tsohuwar zabira a rataye, askar kaka na ciki ta yi tsatsa. Reza mai araha ce ta kore ta, ga kuma jami'an lafiya da suka dage cewa kowane kai da rezarsa, kowane jariri da tasa ranar askin suna. Yanzu da wasu jikoki ke son gyara askar don gemunsu, maganganu sun yi yawa.

Wadda aka fi yaɗawa ita ce wai cutar mutanen da na nan kwance a jikin ƙarfen. Ƙwayar ƙanjamau ba ta daɗewa da rai in jini ya bushe. Ta ciwon hanta nau'in B ta fi ta naci, tana iya kai kwana 7 ko fiye a busasshen jini, amma ba shekara 30 ba. Jinin jiya ne abin tsoro, wato askar da ta bi kan wani da safe ta zo naka da yamma. A nan masu gargaɗi sun yi gaskiya. Gana ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin allurar jarirai a 2002, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin shekarar ba su samu ba. In ka gyara askar, taka ce kai kaɗai, ko ɗan'uwanka ba ka ara wa.

Tsatsa kuwa ba ita ke kawo cutar titanos mai sarƙe haƙora ba. Ƙwayar tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, tsatsa maɓoya kawai take ba ta. Sai dai wannan ƙwayar kan yi shekaru ba ta mutu ba, shi ya sa wanki da sabulu da kankare ƙarfen tas ba abin wasa ba ne.

Inda ake kashe aska shi ne wajen neman tsabtace ta. Sai ka ji an ce a sa ta a wuta ta yi ja. Taurin da maƙeri ya ba ta, ko na gida ne ko na Shefil ta Ingila ko Solingen ta Jamus, yana fara sakewa ne da zafi ya haura digiri 200. Da ka ga bakin ya koma shuɗi, kaifi ba zai ƙara zama ba. Injin wasa adda na kasuwar Aboabo ma haka yake yi mata cikin daƙiƙa kaɗan, don bakin aska siriri ne ƙwarai. Tafasasshen ruwa bai wuce digiri 100 ba, ba ya taɓa taurin, amma yana lanƙwasa mariƙin ƙaho. Sifirit ya wadatar bayan wanki.

Lemon tsami yana cin tsatsa, gaskiya ne, amma in ta kwana a ciki ya ci ƙarfen ma. Samfefa mai laushi da ɗan man keken ɗinki sun fi aminci. Fatar da ake goga aska a kai kuma ba ta wasa ta, miƙe bakin take yi. Dakusasshiya sai dutsen washi mai santsi, a kwantar da bayanta da bakinta tare a kansa.

Masu cewa kowace tsohuwar aska tana gyaruwa sun zarce. In tsatsa ta huda ramuka har bakin, ko ƙarfen ya tsage, a shafe ta da mai a mayar zabira. Wadda ta gyaru ma a riƙa shafa mata mai daga Mayu zuwa Oktoba, don danshin damina ne ke cinye ta, ba hunturu ba.