Lissafin ɓeraye da layin magani a Idi-Araba

Matar da ta taso daga Agege zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba domin ƙarin ruwan maganin ciwon daji, sau da yawa akan ce ta dawo bayan mako uku. Tushen wannan maimaici yana cikin kejin ɓeraye.

A 1964, Howard Skipper da abokan aikinsa a jihar Alabama ta Amurka sun dasa wa ɓeraye ƙwayoyin kansar jini, suna ba su magani, suna ƙirga kwanakin da suka rayu. Lissafi ya nuna kowane zagaye kaso iri ɗaya yake kashewa, komai yawan ƙwayoyin. Idan yana kashe 99 cikin 100, miliyan ɗaya za ta koma dubu goma, zagaye na biyu ya bar ɗari. Ƙwaya ɗaya tak kuwa ta isa ta halaka ɓera.

Ɓera ba mutum ba ne, amma likitoci sun ɗauki darasin. Hutun mako ukun na ɓargo ne, don ya farfaɗo. Ciwon ba ya hutawa. Zagayen da aka tsallake don kuɗi sun yanke, ko don takardar tallafi ta kwana a wani teburi a Abuja, lokaci ne da ragowar ƙwayoyin ke sake ninkuwa.