3.4 Yadda Ake Gane Naman Kaza Mai Soso da Yadda Ake Tsintarsa

Daga cikin ire-iren naman kaza da ake tsinta a dazuzzukan Turai, kaɗan ne suka kai wanda masana ke kira Boletus edulis daraja. Wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Pierre Bulliard ne ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1782. Mutanen Italiya kuwa suna ce masa porcini, wato 'yan aladu. Abin da ya sa yake tsada shi ne har yau an kasa noma shi. Dalili kuwa, zaruruwansa da ke cikin ƙasa sai sun naɗe saiwar itace mai rai, irin su fayin da ok, sannan yake rayuwa. Itacen ya ba shi sukari, shi kuma ya taimaka wa itacen wajen jawo ruwa da gishirin ƙasa. Irin wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka akwai shi tsakanin doka da kawo da wasu naman kaza na dazuzzukan Afirka ta Yamma. Saboda haka mai tsinta yakan fara neman itacen tukuna, musamman daga watan Agusta zuwa Oktoba, 'yan kwanaki bayan an yi ruwa.

Alamar farko tana ƙarƙashin hularsa. Idan aka kifa ta, ba za a ga tsage-tsage kamar shafukan littafi ba, sai dai wani soso mai ƙananan huduji. Soson fari ne yayin da yake ɗanye shataf, daga baya ya koma rawaya, in ya tsufa ya yi kore-kore. Hular kanta ruwan ƙasa ce, sau da yawa da farin baki a gefe. Ƙafarsa kakkaura ce mai tumbi, kuma a samanta akwai farin zane kamar raga. Idan aka tsaga shi, tsokar fara ce fat, kuma ba ta sauya launi.

A nan ne ake bukatar natsuwa, domin yana da 'yan kama. Akwai Tylopilus felleus, wanda sosonsa ke yin ja-ja kaɗan idan ya girma, ragar ƙafarsa kuma baƙi-baƙi ce. Wannan ba ya kisa, amma ɗacinsa kamar maɗaci, ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata tukunya guda. Wanda ya fi shi haɗari shi ne Rubroboletus satanas, mai hula fari-fari da jan soso, wanda tsokarsa ke yin shuɗi-shuɗi idan aka yanka. Cinsa yana kawo amai da gudawa masu tsanani. Shi ya sa ake gargaɗin sabon shiga da ya bar duk mai jan soso ko mai yin shuɗi, ko da yake akwai masu ciwuwa a cikinsu. Asarar miyar dare ɗaya ta fi kwanan asibiti sauƙi.

Dangane da tsintar kanta, Italiya ta yi doka a shekarar 1993 wadda ta kayyade wa mutum kilo 3 a rana, ta hana kartar ƙasa da manjagara, ta kuma hana zubawa a leda. Kwando ake so, don ƙurar irinsa ta riƙa zuba a daji, ga shi kuma leda tana sa shi gumi ya ruɓe. An daɗe ana gardama a kan yankewa da tumɓukewa, amma wani dogon bincike da aka yi a Suwizalan, aka buga a 2006, ya nuna duk ɗaya ne. Tattake wurin shi ne ke rage yawan abin da ke fitowa. Gwanaye sukan tsaga ƙafar tun a daji, domin tsutsa daga nan take hawa zuwa hula. Wanda ya tsira sai a yanyanka shi fale-fale a shanya a ranar.