Karayar Kwatangwalo: Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo

A gundumomin Magarya da Dungas karayar kwatangwalo ba baƙon abu ba ce. Wani daga amalanke yake faɗowa, wani babur ne ke kayar da shi. Tsoho kuwa, santsi kaɗan a makewayi ya isa ya karya shi, domin ƙashi yana rage ƙwari idan shekaru suka yi yawa.

Wannan karaya ta sha bamban da ta hannu ko ta ƙwauri. Tana can cikin nama, a saman ƙashin cinya, inda karan ɗori ba ya iya riƙewa. Shi ya sa ake kai majinyaci babban asibiti, kamar asibitin ƙasa na Damagaram. A can likita zai ɗauki hoton ƙashi, ya yi aiki, ya sa ƙarfe ko ƙusoshi. An fi so a yi aikin cikin kwana 2 bayan faɗuwa.

Mene ne aikin ƙarfen?

Mutane da yawa suna tsammanin da an sa ƙarfe an warke. Ba haka ba ne. Ƙarfe riƙo kawai yake yi, kamar itacen da ake tokare zana da shi. Ƙashi ne da kansa zai haɗe, kuma yakan ɗauki wata 3 zuwa 6. Idan ƙashi ya ƙi haɗewa, nauyin jiki duka yana komawa kan ƙarfe. A hankali sai ya lanƙwashe, ko ya karye, ko ƙusa ta kwance. Daga nan sai an sake wani aiki, da sabuwar wahala da sabon kashe kuɗi.

Me ke hana ƙashi haɗewa?

Na ɗaya, ƙarancin jini. Jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinya ta wuyansa suke bi. Idan karaya ta tsinka su, kan ƙashin yana iya mutuwa. In haka ta faru, likita yakan cire shi ya sa na ƙarfe.

Na biyu, ƙwayoyin cuta da ke shiga rauni. Na uku, shan taba, da ciwon suga da ba a kula da shi ba, da rashin abinci mai gina jiki. Na huɗu, gaggawar komawa gona da ɗaukar kaya kafin likita ya ba da izni.

Abin da ya kamata a yi a gida

A ba majinyaci nono, da wake, da gyaɗa, da riɗi, da ƙwai, da zogale. A riƙa fitar da shi ya sha hantsi. Kada a shafa wa rauni toka ko wani haɗi, kada kuma a ja ƙafar ko a murɗa ta. Ya yi tafiya da sanda yadda likita ya nuna masa, domin kwanciya kullum tana kawo gyambon baya da ciwon huhu. Ranar komawa asibiti kuwa, kada a tsallake ta, ko da babu ciwo.

Alamomin haɗari

A koma asibiti nan da nan idan ciwo ya dawo bayan ya lafa, ko ƙafa ta gajarce, ko ta juya waje. Haka kuma idan rauni yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo.

Ƴan uwa da maƙwabta, idan damina ta tarar da ɗayanku yana jinya, ku yi masa gayya. Noman shekara guda kuna iya ɗauke masa. Idan ƙarfen ya karye a gona, wataƙila ba zai sake riƙe hauya ba.