Asusun haɗakar jari: Abin da mai ƙaramin ƙarfi zai tambaya kafin ya miƙa kuɗinsa

Wani tsohon malamina na firamare, wanda ya yi ritaya bayan shekara 35 yana riƙe da alli, ya same ni kwanakin baya da wata tambaya da ta hana shi barci. An biya shi kuɗin sallama bayan dogon jira, kuma tun ranar da saƙon banki ya shigo wayarsa masu ba da shawara suka yi masa caa. Wannan ya ce ya sayi Keke Napep ya ba da haya, wancan ya ce ya sayi masara ya ɓoye har ta yi tsada, ɗan ƙanensa kuwa ya nuna masa wata manhaja da ake cewa tana ninka kuɗi cikin wata guda. Daga ƙarshe wata ma'aikaciyar banki ta ba shi shawarar ya zuba a asusun haɗakar jari. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, wannan na ƙarshen ne ban gane ba. Adashi ne, ko ajiya ce, ko kuwa MMM ce ta sake riga?"

Na ce masa, Malam, babu ko ɗaya daga cikin ukun. Amma tambayar ta cancanci amsa fiye da haka, domin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suna da irinta a zuci.

Asusun haɗakar jari tsari ne da mutane da yawa ke tara kuɗinsu wuri guda, a damƙa wa wani kamfani mai lasisi ya juya su a kasuwar hannun jari, ko a takardun lamunin gwamnati, ko a wasu kadarorin. Kamar yadda ake shiga adashi da hannu ɗaya ko hannu biyu, haka ake raba dukiyar asusun zuwa hannaye masu daraja ɗaya. A ce dukiyar asusu Naira miliyan 500 ce, an raba ta hannu miliyan 5, to kowane hannu Naira 100 ke nan, kuma mai Naira 50,000 zai samu hannu 500. Idan dukiyar ta haɓaka zuwa miliyan 600, kuɗinsa sun zama Naira 60,000. Idan ta zube zuwa miliyan 400, sun koma Naira 40,000. A nan ya rabu da adashi, inda abin da ka zuba shi kake kwasa. Amfaninsa shi ne mai Naira 5,000 ko 10,000 yana samun rabo a cikin kamfanoni da takardu masu yawa da ba zai iya saye shi kaɗai ba, kuma faɗuwar ɗaya daga cikinsu ba za ta tafi da duk abin da ya tara ba.

Mai karatu zai iya cewa, me ya yi zafi, ba gara a bar kuɗin a banki a huta ba? Hutun ne ba ya samuwa. A watan Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, alhali abin da bankuna ke ba mai asusun ajiya a lokacin bai wuce kashi 8 da 'yan kai ba, kuma da yawa daga cikin mutanenmu ba sa karɓarsa ma saboda kuɗin ruwa ne. Wanda ya ajiye Naira miliyan ɗaya a farkon wannan shekarar ya tarar da miliyan ɗayarsa cif a ƙarshenta, sai dai buhunan shinkafar da za ta iya saye sun ragu ƙwarai. Gara ta ci kuɗin daga ciki, lambar da ke wayar ba ta nuna ba.

Tsoron Malam kuwa yana da dalili, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. MMM ta yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. CBEX ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. A tsakanin biyun an yi ƙananansu bila adadin a garuruwanmu, wasu da sunan noma, wasu da sunan kiwon kaji, wasu har da ayoyi a saman takardar talla. Dukkansu dabara ɗaya ce: a karɓi kuɗin wanda ya shigo yau a biya wanda ya shigo jiya, har ranar da masu shigowa suka ƙare.

Saboda haka tambayar farko ita ce, a hannun wa kuɗin za su zauna? Asusun haɗakar jari na gaskiya dole ne ya kasance da rajistar Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta Ƙasa, wato SEC, shi da kamfanin da ke tafiyar da shi. Ƙa'idar hukumar ta raba aikin tsakanin ɓangarori daban-daban da gangan. Manajan asusu shi ke yanke shawarar abin da za a saya da abin da za a sayar, amma dukiyar tana hannun wani banki na daban da ke matsayin ma'aji. Akwai kuma amintaccen wakili da ke tsaya wa masu zuba jari, yana sa ido kada manajan ya ƙetare yarjejeniyar da aka kafa asusun a kanta, sannan ga masu binciken kuɗi na waje. Hikimar ita ce ko kamfanin manajan ya durƙushe, dukiyar asusun ba tasa ba ce balle masu binsa bashi su kwashe. Hukumar tana wallafa sunayen asusun da ta yi wa rajista da darajarsu a shafinta na intanet, tana kuma da ofishin shiyya a Kano ga wanda ya fi son ya je da ƙafarsa. A kula da wani abu: takardar rajistar kamfani ta CAC da 'yan damfara ke rataye wa a bango shaida ce kawai ta cewa akwai kamfani mai wannan suna, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Maris na 2025 ta tanadi hukunci mai tsanani, har da ɗaurin shekara 10, ga masu tafiyar da irin wancan tsarin damfara. Amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da kuɗin sallamar malamin firamare.

Rajista tana kare mutum daga sata, ba ta kare shi daga asara. A nan ne ma'aikatan banki masu neman cika adadin da aka ɗora musu kan yi saurin wucewa. Inshorar da hukumar NDIC ke yi wa ajiyar banki, wadda aka ɗaga zuwa Naira miliyan 5 a 2024, ba ta shafi asusun haɗakar jari ba, ko da kuwa sunan bankinka ne a jikinsa kuma a harabar bankin ka cike fom ɗin.

Tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace muhimmanci, ba kamfanin za ka yi wa ita ba, kanka za ka yi wa: yaushe zan buƙaci kuɗin nan? Asusun iri-iri ne, kuma kowanne da zangonsa. Akwai na gajeren zango da ke sayen takardun baitulmalin gwamnati da makamantansu, waɗanda wa'adinsu bai wuce shekara ba. Uwar kuɗi ba ta cika motsi a cikinsa ba, shi ya sa ya dace da kuɗin makarantar yara ko na hayar da za a biya nan da wata shida. Akwai na takardun lamuni masu dogon wa'adi, wanda darajarsa kan sauka idan Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa. Akwai na hannun jarin kamfanoni, wanda ya fi kowanne hawa da sauka. Akwai mai gauraya su. Sannan ga na dala, wanda ya yi farin jini tun bayan da aka saki Naira a Yunin 2023, ta tashi daga kusan 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500 a 2024.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko jerin asusun, a duba wanda ya fi riba bara, a zuba a ciki. Ribar bara labarin bara ce. Waɗanda suka ga shekarar 2007 za su tuna yadda direba da malami da mai shago suka yi ta rububin hannun jarin bankuna, wasu har da bashi, saboda farashi na ta hawa. A 2008 ma'aunin kasuwar hannun jarin Najeriya ya faɗi da kusan kashi 46 cikin ɗari, kuma asusun da suka dogara da ita suka bi ta. Wanda ya samu damar haƙuri na shekaru ya ga farfaɗowa, wanda kuwa aurar da 'ya ya taso masa a wannan shekarar dole ya sayar da hasara. Hatta asusun gajeren zango ribarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. A ƙarshen 2020 ribar takardun baitulmali ta zube ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, a 2024 kuma ta haura kashi 20. Asusu ɗaya, manaja ɗaya, amma riba ta bambanta kamar sama da ƙasa, domin iskar Babban Banki ce ke kaɗa ta. Manajan da ya yi maka alƙawarin adadi tabbatacce, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya san abin da yake ɓoye maka. Abin dubawa shi ne yadda asusun ya yi cikin shekara uku zuwa biyar, musamman a shekarar da kasuwa ta yi muni, a kwatanta shi da takwarorinsa masu irin zubinsa.

A kuma riƙa auna riba da farashin kasuwa. Ribar kashi 20 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 30 rage asara ce kawai. Ta fi zaman banza, amma kada mutum ya ɗauka ya yi arziki ya hau cin uwar kuɗi.

Sai ladan manaja. Yawanci ana cire tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na dukiyar a kowace shekara, ban da na ma'aji da na wakili. Kashi 1.5 a kan Naira miliyan 2 ya kama Naira 30,000, kuma za a cire ko an ci riba ko an faɗi. Wasu asusun suna da mafi ƙarancin lokacin zama, kwana 30 ko 90, wanda in ka fita kafin ya cika za a zaftare wani ɓangare na ribarka. Duk waɗannan suna rubuce a kundin bayanin asusun, kuma haƙƙinka ne a ba ka shi. A tambayi kuma kwana nawa kuɗi ke ɗauka kafin su shigo bayan ka nemi fita.

Ga mafi yawan masu karanta wannan shafi akwai tambayar da ke gaba da duk waɗannan, wato halasci. Asusun gajeren zango na gama-gari a kan kuɗin ruwa aka gina shi, haka ma mafi yawan na dala, babu amfanin kewaye-kewaye. Amma ƙofa ba ta rufe ba. Kamfanin Lotus Capital ya buɗe Lotus Halal Investment Fund tun 2008, daga baya wasu suka biyo, irin su Stanbic IBTC Imaan Fund da FBN Halal Fund. Na ambace su ne don misali, ba don talla ba. Irin waɗannan asusun ba sa sayen hannun jarin kamfanonin giya da caca da bankunan ruwa, suna kuma tace kamfanonin da bashin ruwa ya yi wa yawa. Abin da ya ƙara musu fili shi ne Sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a Satumban 2017 na Naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, inda mai jari ke karɓar kuɗin haya a maimakon ruwa. Sai dai kalmar halal a jikin suna ba ta wadatar ba. A tambayi su wane ne malaman kwamitin Shari'a na asusun, ko suna fitar da rahoto duk shekara, da kuma yadda ake tsarkake ɗan abin da ya gauraya da haram. Batun zakka kuma yana wuyan mai dukiya, ya nemi malaminsa su yi lissafi.

Ina da ƙorafi a kan kamfanonin kansu. Suna kukan cewa Arewa ba ta zuba jari, amma kundin bayaninsu shafuka ne masu yawa cikin Turancin lauyoyi, ofisoshinsu kuma sun taru a Legas da Abuja. Ɗan damfara kuwa yana zuwa har majalisar unguwa, ya yi bayani da Hausa, ya ci tuwo da mutane. Ƙasar Malesiya ta fuskanci irin wannan gibi, sai ta kafa asusun Amanah Saham Nasional a 1981 domin talakawan Malay su mallaki rabo a manyan kamfanoni, aka kai shi kusa da su ta bankuna da gidajen waya. Fassara takardar bayani mai shafi biyu zuwa Hausa ba za ta gagari kamfanin da ke juya biliyoyin Naira ba, kuma ya kamata SEC ta mayar da hakan sharaɗi.

Akwai abu ɗaya da mu ma muke sakaci da shi. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin Naira biliyan 190. Wani ɓangare na wannan dukiya ta mamata ce da iyalansu ba su san da ita ba. Mutuminmu yana son sirri a harkar kuɗi, amma jarin da babu takardarsa a gida, babu wanda ya san sunan kamfanin, ba zai shiga rabon gado ba. A tabbata sunan da ke fom ɗin ya yi daidai da na BVN da NIN, a kuma sanar da mutum ɗaya amintacce.

Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko takarda ya raba kuɗinsa gida uku da hannunsa, kamar yadda yake raba mana allo a aji. Kason farko na gyaran rufin gida da kuɗin jarrabawar autansa ne, ya ce wannan ba zai je ko'ina ba. Na biyu zai sa a asusun Sukuk, ya riƙa karɓar abin da ya samu yana cefane. Na uku, mafi ƙanƙanta, shi ne zai kai asusun hannun jari na halal, ya ce ya yi masa wa'adin shekara biyar. Da zai tafi ya tambaye ni ko zan raka shi ofishin SEC ranar Litinin ya ga sunan asusun da idonsa, domin shi har yanzu bai yarda da abin da waya ta nuna masa ba. Na ce masa ƙarfe tara zan zo in ɗauke shi.