Yadda Ake Sanin Buhu Da Cikin Hannu Ɗaya

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu awo a kasuwar Birnin Gwari ya ga yadda ɗan kasuwa ke sayen masara. Ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Hannu yake cusawa can ciki ya ɗebo, ya duba ko da ƙwari ko tsakuwa, ya tauna ɗaya don ya ji bushewarta, sa'an nan ya yi tayi. Da wannan ɗan abin da ya ɗebo yake yanke wa buhu duka hukunci. Abin da masana ƙididdiga ke yi ke nan idan kamfani ya aike su su gano ra'ayin masu sayen kayansa, sai dai su suna ƙarawa da lissafin iyakar kuskuren da za su iya yi.

A ɗauki misali. Mai sayar da taki yana so ya san manoma nawa ne a ƙasar Birnin Gwari za su fi son ƙaramin buhu bisa babba. Ba shi da halin tambayar kowa, sai ya zaɓi manoma 400 ta hanyar ƙuri'a, 240 suka ce ƙarami suke so, wato 60 cikin ɗari. To, da wasu 400 ɗin ƙuri'a ta faɗa wa, da amsar ta ɗan bambanta. Saboda haka masani ba zai ce 60 ya yi shiru ba, cewa zai yi adadin yana tsakanin 55 da 65. Wannan ita ce tazarar amincewa, wadda Jerzy Neyman, mutumin Folan, ya shimfiɗa ƙa'idarta a 1937. In an ce amincewar 95 cikin ɗari ce, ma'anarsa da za a maimaita binciken sau 100, kimanin 95 daga tazarorin da za a samu za su ƙunshi ainihin adadin. Wanda kuwa ya ga tazarar ta yi masa faɗi, yana so ya rage ta da rabi, ninka mutane sau biyu ba zai wadatar ba, sai sau huɗu, wato 1,600. Nan ne kuɗin mai da alawus na masu tambaya ke shiga maganar.

Gwajin zato kuwa shi ke hana mutum rawar kai. A ce an ba mata 100 sabulu iri biyu, 55 suka zaɓi sabon, 45 tsohon. Manaja zai so ya buga ganga. Amma masani yakan fara da zaton cewa babu wani bambanci, ya tambayi kansa: in haka ne, sau nawa sa'a kaɗai za ta kawo irin wannan rata? A mutum 100 takan kawo ta sau da yawa, domin tazarar ta kama daga 45 zuwa 65, kuma 50 na cikinta. Ashe babu hujjar cewa sabon ya fi. Ba a kuma tabbatar da cewa daidai suke ba, wanda shi ne wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wani abin lura, ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen nan a masana'anta aka haife shi: William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, shi ya buga shi a 1908 da sunan aro.

Sai dai duk wannan lissafi ya dogara ne ga inda aka cusa hannu. Mai algus ya san haka, shi ya sa yake jera mai kyau a bakin buhu. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Landon ne zai ci zaɓe. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta kwaso sunaye da yawa daga littattafan tarho da rajistar motoci, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma akasarin waɗanda aka aika wa takarda ba su amsa ba. Yawan amsa bai gyara karkatar ba ko kaɗan.

Wannan matsala a gida take. Lokacin da David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka yi nazarin ƙauyukan Dan Mahawayi da Doka da Hanwa a 1966 zuwa 1967, masu tambaya sun riƙa zuwa gidajen manoma sau biyu a mako har shekara ta zagayo, ba wanda ya tare musu hanya. Ƙasar Birnin Gwari kuwa ta yi shekaru 'yan bindiga na tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa, har kasuwar kara ta garin ta daɗe a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta. A irin wannan hali mai tambaya yakan tsaya tasha da bakin titi, ya cika takardunsa, ya koma ofis. Manoman ƙauyukan bakin daji ba su shiga ƙuri'a ba, alhali kuwa su ne kuɗin mota ya fi tsananta wa, su ne kuma wataƙila ƙaramin buhu ya fi yi wa amfani. Rahoto zai fito da tazara siririya mai ban sha'awa, amma ta mutanen bakin titi ce.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna yadda ya kamata a yi. A rahotonta na talauci na 2019 ta ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya matalauta ne, amma ta bayyana a fili cewa ba ta sa Jihar Borno a lissafin ba, domin wuraren da ke da tsaro kaɗai ma'aikatanta suka iya kaiwa. Ma'aikacin da aka kawo wa rahoto kan manoman Birnin Gwari don ya sa hannu a raba taki ko iri, kafin ya duba adadi, sai ya nemi jerin ƙauyukan da aka shiga, ya ga ko ƙauyukan bakin daji na ciki.